Yadda zaka saita tafet ɗin tsohuwar motarka da hannunka

Yawancin masu tsohuwar mota basa tunawa da saitin tafet, wato daidaita ratar bawulolin da suke buɗe wa iska da hayaƙi hanya a inji, sai ranar da inji ya fara ƙara, wannan tak-tak-tak ɗin da yake fitowa daga saman inji yana ƙara sauri in ka taka totur. Toh gaskiya bawul ɗin da yake ƙara ba shine babban abin tsoro ba, iyakacinsa ya dameka ya dinga cin ƙarfe a hankali. Wanda yake kashe inji shine wanda ya matse yayi shiru, kai kana jin daɗi wai injinka baya ƙara alhali bawul ɗin hayaƙi yana can yana ƙonewa. Shi yasa nake so duk mai motar da ta haura kilomita 200,000 ya iya aikin nan da kansa, ko ba komai in ya kai gareji zai gane an auna ne ko kuwa an ɗaɗɗaure ne kawai don ƙarar ta mutu.

Me yasa ake barin rata tun farko

Kamshaf, wata sanda mai tudu-tudu da take juyawa a cikin inji, shine yake danna bawul ya buɗe, sifirin ya mayar dashi ya rufe. Tsakanin abin da yake dannawa da kan bawul ɗin kamfani ya bar wata 'yar rata da bata kai rabin milimita ba, saboda in inji yayi zafi ƙarfe yana miƙewa, bawul ya ƙara tsawo ya cinye ratar. Na hayaƙi yafi shan wuta, kansa yakan haura digiri 700, kuma mafi yawan zafin nan a daidai lokacin da ya rufe ya zauna a mazauninsa yake sauke shi a jikin tof silinda, wato kan inji. Kaga kenan in babu rata bazai zauna daram ba, iska mai wuta ta dinga bi ta gefensa tana yanka shi, komfireshan, wato matsin iskar cikin silinda, ya zube, wata rana a wayi gari silinda ɗaya ta mutu sai an sauke kan inji.

A motar da ta daɗe abu biyu ne suke faruwa. Roka, wato ɗan ƙarfen da yake danna kan bawul, da kan sukurun saiti suna cinyewa, wannan yana buɗe rata sai kaji ƙara. Shi kuma bawul yau da gobe yana dukan mazauninsa yana nutsewa ciki, kansa na sama ya taso, rata ta ragu, babu wata ƙara da zata gargaɗe ka. Honda CR-V ta farko mai injin B20, ta 1997 zuwa 2001, ta shahara da wannan, bawulolin hayaƙinta su matse su ƙone. Motar da aka mayar tana amfani da gas ma abin yafi saurin kamata. Alamomin matsewa sune inji yana rawa a sulo, yana mutuwa da safe kafin yayi zafi ko yana misin ba tare da ka samu laifin fulogi ko koyil ba.

Fara sanin irin injinka

Kafin ka ɗauki sifana ka tabbatar injin naka ma ana saita shi. Da yawa daga cikin injina suna da tafet na haidirolik wanda baƙin mai ne yake cike ratar da kansa, irin wannan babu abin saitawa, in yana ƙara sai a duba mai ko a canza tafet ɗin. Sai masu sukuru da noti a kan roka, su ne asalin waɗanda nake magana a kai kuma su ne masu sauƙi: Honda Civic da Accord da CR-V, Toyota mai injin 22R, Volkswagen Beetle ta da, tsofaffin Peugeot irin 504. Sai masu shim, wani ɗan faifan ƙarfe da yake kwance a kan kofin bawul, kamar Toyota 4A-FE da 5S-FE. Sai kuma irin su 1ZZ-FE da 2AZ-FE da babu shim ma, kofin gaba ɗaya ake canzawa da mai wani kaurin, kuma sai an cire kamshaf. Waɗannan na ƙarshe zaka iya aunawa da kanka amma gyaran ban baka shawarar ka fara koyo a kansu ba.

Lambar ratar kuma ba'a cinkenta. Ka ɗaga bonet ka duba, motoci da yawa suna da takarda manne a ciki da aka rubuta ratar bawul ɗin iska da na hayaƙi, in ta goge ka nemi littafin gyaran motar da lambar injinka, ba sunan motar kawai ba, don mota ɗaya takan zo da inji kala biyu ko uku. Ka ga yadda suke bambanta: Honda D15 da D16 na iska 0.18 zuwa 0.22 milimita, na hayaƙi 0.23 zuwa 0.27. B20 ɗin CR-V na iska 0.08 zuwa 0.12, na hayaƙi 0.16 zuwa 0.20. Beetle 0.15 duka biyun. 22R na iska 0.20 na hayaƙi 0.30. In ka ɗauki lambar wani ka saka wa wani ka ɓata aikin tun kafin ka fara.

Sannan ka duba an ce da sanyi ne ko da zafi. Honda ta ce sai kan inji ya sauko ƙasa da digiri 38, wato ka bar motar ta kwana kayi aikin da safe ba tare da ka tayar da ita ba ko na minti ɗaya. Shi kuwa 22R da zafinsa ake saita shi, ka kashe ka buɗe kayi sauri kafin ya huce. Yawanci dai da sanyi ne.

Kayan aiki

Fila geji, wato siraran ganyen ƙarfe na auna rata, in so samu ne mai lanƙwasasshen baki don wasu wuraren miƙaƙƙe baya shiga daidai. Ring sifana daidai notin roka, yawanci 10 ko 12, sukundireba mai faɗin baki wanda ya cika tsagar sukurun, soket da doguwar sanda na juya notin fuli, soket ɗin fulogi, tok renci ƙarami na auna ƙarfin ɗauri, sabon gasket na murfin tafet tare da robobin ramin fulogi, ɗan gam na inji, tsumma mai tsabta, tocila, biro da takarda. Gasket ɗin nan ka saya tun kafin ka buɗe, na tsohuwar mota ya riga ya bushe ya zama kamar katako, da ka ɗaga murfi zai karye.

Ka lura da rubutun jikin fila gejin, kowane ganye yana da lamba biyu, ta milimita da ta inci. 0.010 na inci shine 0.25 na milimita, ba 0.10 ba. Nan mutane suke rikicewa sosai, don haka ka ware ganyen da zaka yi aiki dasu tun farko ka goge su, in akwai mai tsatsa ko wanda ya lanƙwashe a baki kar ka yi amfani dashi.

Buɗewa

Ka ajiye mota a wuri mai daidai, ja birkin hannu, saka giya a fri, cire kan batir na nagatif. Kar ka raina cire batir ɗin nan, hannunka zai kasance kusa da fuli da bel. Ɗauki hoton saman injin da wayarka kafin ka taɓa komai, sannan ka cire wayoyin fulogi ko koyil kana saka musu lamba, cire tiyon da suke jikin murfin da duk wata waya da ta bi ta kai. Goge ƙura da yashin da suke gefen murfin da cikin ramin fulogi kafin ka buɗe, in ba haka ba duk ciki zasu zuba.

Cire fulogi duka. Wannan zai sa injin ya juyu da hannu cikin sauƙi tunda babu komfireshan, kuma dama ce ka kalli bakin kowanne, wanda ya bambanta da 'yan'uwansa ka riƙe lambar silindarsa a ranka. Kwance notocin murfi, in ya manne ka bubbuga shi da tafin hannu ko gudumar roba, kar ka cusa sukundireba tsakaninsa da tof silinda ka banƙara, alminiyam ne, in ka ƙwarzane wurin yoyon mai bazai ƙare ba.

Da ka ɗaga murfin ka tsaya ka duba. In kaga baƙin datti ya daskare kar ka hau kankarewa da injin a buɗe, ɓarɓashin zai gangara ƙasa ya toshe rariyar famfon mai, wannan yafi ƙarar tafet illa nesa ba kusa ba. Murfin da ka cire shi zaka iya wankewa a gefe. Ka haska tudun kam, wato tudun jikin kamshaf, ɗaya bayan ɗaya, ya kamata su zama sumul, in wani ya ƙwarzane ko ya fi sauran gajarta toh saiti bazai gyara wannan ba.

Kai fistin na ɗaya sama

Nan ne gundarin aikin, in ka gane shi sauran mai sauƙi ne. Ana auna rata ne lokacin da bawul yake a rufe ruf, wato tudun kam baya taɓa roka ko kaɗan. Wurin da kake da tabbacin haka shine lokacin da fistin ya kai ƙarshen sama a bugun komfireshan. Matsalar ita ce fistin sau biyu yake zuwa sama a zagaye ɗaya na aikin inji, don kiranshaf, sandar da fistin yake juyawa mai fuli a bakinta, yana juyawa sau biyu kamshaf sau ɗaya, saboda haka alamar fuli ita kaɗai bata isa ba, zata iya nuna maka daidai alhali kana kan ƙarshen bugun hayaƙi.

Saka soket a notin fuli ka juya a hankali ta inda injin yake juyawa in yana aiki. Yawancin injina yadda hannun agogo yake tafiya suke juyawa in kana kallon fulin, amma tsofaffin Honda masu injin D da B da F da H akasin haka suke, hagu suke yi. Kar ka juya baya, musamman mai bel ɗin taimin da ya tsufa, zai iya tsallake haƙori. In ka wuce alamar ka haƙura ka sake zagayowa. In notin fulin yana da wuyar kaiwa kuma motar manuwal ce mai jan gaba, ka ɗaga tayar gaba ɗaya da jak ka tokare motar da kyau, ka saka giya mafi girma ka juya tayar da hannu, injin zai bi.

Kana juyawa kana kallon rokokin silinda ta ɗaya, wadda galibi ita ce ta kusa da fuli, kodayake Peugeot da Renault da yawa daga wajen giya suke fara ƙirga. Zaka ga bawul ɗin iska ya nutse sannan ya dawo sama. Da ya dawo ka cigaba a hankali har tsagar jikin fuli ta zo daidai da alamar sifili ko T a murfin taimin. A Honda ka cire murfin taimin na sama zaka ga an rubuta UP a jikin giyar kamshaf, ya kalli sama, layuka biyun gefe su daidaita da saman tof silinda. Don ka ƙara tabbatarwa ka kama rokokin silinda ta ɗaya ka girgiza, ya kamata suyi ɗan motsi, sannan ka kalli ta huɗu, ita kuma zaka ga rokokinta a daidai gaɓar da na hayaƙi yake gama rufewa na iska yake fara buɗewa. In ta ɗaya ce take haka toh ka ƙara cikakken zagaye ɗaya.

Wanne ne na iska wanne ne na hayaƙi, bi manifol. Bawulolin da suke ɓangaren da iska take shigowa su ne na iska, na ɓangaren bututun salansa su ne na hayaƙi. In duk a layi ɗaya suke kamar wasu tsofaffin injina sai ka bi kowanne ka ga ramin da yake fuskanta.

Auna duka kafin ka kwance ko noti ɗaya

Dan Allah kar ka tsallake wannan. Zana akwatuna a takarda daidai yawan bawulolin, ka auna kowanne ka rubuta abin da ka samu kafin ka taɓa shi. Wannan takardar ita zata gaya maka lafiyar injin, kuma in ka sake buɗewa nan gaba da ita zaka gane wane bawul ne yake nutsewa da sauri.

Inda ake zura ganyen ya danganta da injin, a Honda D da F tsakanin ƙasan sukurun saiti ne da kan bawul, a B20 tsakanin kam da roka ne, a masu shim tsakanin bayan kam da shim. Littafin zai nuna. Ka zura shi a miƙe, in ka karkata zaka ji tauri na ƙarya ka ɗauka ya matse. Abin da kake nema shine ya shiga ya fita da ɗan ja kaɗan, kamar kana zaro takarda ɗaya daga tsakiyar littafi mai kauri da yake a rufe. In yana shiga fayau babu abin da ya riƙe shi rata tayi yawa, in sai ka tura da ƙarfi har yana lanƙwashewa ta matse.

Tunda hannun kowa daban ne, ga dabarar da bata dogara da ji ba. Ace ratar 0.23 zuwa 0.27 ce. Ganyen 0.25 ya shiga, na 0.28 ya ƙi shiga, shikenan kana ciki. In 0.28 ya shige ta buɗe da yawa, in 0.23 ma ya ƙi ta matse, sai ka dinga sauka da ƙananan ganye har ka samu wanda ya shiga ka rubuta.

Ka gama ta ɗaya sai ka juya kiranshaf rabin zagaye, digiri 180, ka koma silinda ta gaba bisa tsarin tashin wuta. A yawancin injina masu silinda huɗu a jere tsarin 1-3-4-2 ne, wato bayan ta ɗaya ta uku, rabin zagaye kuma ta huɗu, wani rabin ta biyu. Beetle nata 1-4-3-2 ne. Akwai gajeriyar hanya ga masu 1-3-4-2: kana kan saman ta ɗaya ka auna na iska na 1 da 2 da na hayaƙi na 1 da 3, ka juya cikakken zagaye ka auna na iska na 3 da 4 da na hayaƙi na 2 da 4. Tana aiki, littattafan Toyota ma ita suke nunawa, amma in karon farko ne ni nafi son ka bi silinda ɗaya bayan ɗaya, ba'a rikicewa.

Saitin kansa

Wanda yake cikin iyaka ka ƙyale shi, ba dole sai ka taɓa kowanne ba. Wanda ya fita, ka saka ring sifana a notin, ka riƙe sukurun da sukundireba, ka sassauta notin kaɗan, kamar rabin juyi, ba sai ka kwance shi sosai ba don in yayi sako-sako sukurun zai dinga rawa awon ya dinga canzawa. Zura ganyen da kake so. Ɗaura sukurun ciki rata ta ragu, warware shi ta ƙaru, kuma ɗan motsi kaɗan ne, juyin da bai kai kwata ba ya isa ya kai ka daga matsewa zuwa buɗewa. Ka juya har kaji ya fara kama ganyen, kana ja kana turawa, da ka samu wannan ɗan jan sai ka tsaya.

Yanzu wurin da yake ba kowa wahala: ɗaure notin ba tare da sukurun ya bi shi ba. Ka riƙe sukundireba gam, idonka a kan tsagar sukurun, ka ɗaure notin. Ko ka riƙe da kyau zaka ga sau da yawa ratar ta ɗan canza bayan ɗauri saboda notin yana jan sukurun, don haka dole ka sake aunawa bayan ka ɗaure, awon da kayi kafin ɗauri baya cikin lissafi. In ta canza ka lura ta wane ɓangare ta tafi da kuma nawa, ka sassauta ka bar mata wannan tazarar tun farko sannan ka ɗaure. Bawul biyu ukun farko zasu ci maka lokaci, daga nan hannu zai gane. Akwai wani ƙarfe da ake sayarwa mai soket da sukundireba a haɗe, yana sauƙaƙa abin sosai a injinan da notin yake can ƙasa.

Ƙarfin ɗaurin notin yana cikin littafi, a Honda yakan kama daga Nm 14 zuwa 25 gwargwadon injin. Yi amfani da tok renci, da Nm ɗin nan yake auna ƙarfin ɗauri. In baka ɗaure sosai ba notin zai warware yana cikin tafiya ya faɗa cikin inji, in ka wuce gona da iri ka kashe tiredin roka, wasu rokokin alminiyam ne.

Wace lamba zaka nufa a cikin iyakar? A tsohon inji ni ra'ayina na iska ka saka shi a tsakiya, na hayaƙi kuma ka karkata wajen babbar lambar, in 0.23 zuwa 0.27 ne ka nufi 0.26 ko 0.27, tunda ka san matsewa zai dinga yi ba buɗewa ba. Zaka ɗan ji tik-tik ƙasa-ƙasa in inji yana sulo, wannan lafiya ce. Kar ka yarda wani ya ce maka a ƙara matse shi don yayi tsit. Amma kuma kar ka wuce iyakar da sunan kariya, rata mai yawa tana sa kam ya dinga dukan roka maimakon ya ɗaga shi a hankali, bawul ya buɗe a makare ya rufe da wuri.

Abubuwan da tsohon inji yake ɓoyewa

Akwai lokacin da zaka saita komai daidai, ganye ya nuna maka lamba mai kyau, ka tayar kaji ƙarar tana nan. Dalili shine bakin roka ko kan bawul ya cinye yayi ɗan rami a tsakiya, ganyen kuma shafaffe ne sai ya haye saman ramin ya auna gefe da gefe, asalin ratar ta fi abin da ka gani. Ka cire sukurun gaba ɗaya ka kalli ƙasansa, in ya baje ko ya fashe ka canza shi. In rokan ne yayi rami sai canji ko a goge shi a wurin masu aikin inji. Ka kuma girgiza rokan gefe da gefe, in yana lilo a kan sandarsa kowane awo zai dinga baka lamba daban.

In kuma ka samu bawul ɗin hayaƙi da ko ganye mafi siriri baya shiga, babu rata kwata-kwata, ka saita shi amma ka saka masa alama a takardarka. Bayan ka haɗa ka gwada komfireshan na duk silindojin, in tasa ta faɗi sosai ƙasa da sauran mai yiwuwa ya riga ya ƙone, saiti baya dawo da ƙarfen da wuta ta ci. In komfireshan yana nan lafiya ka godewa Allah ka sake buɗewa bayan kamar kilomita 5,000 ka gani, in ya sake matsewa cikin wannan ɗan lokacin mazauninsa ne yake nutsewa kuma aikin tof silinda yana tafe.

Masu shim a taƙaice

Awon iri ɗaya ne, tudun kam yana kallon sama ka zura ganye tsakaninsa da shim. In ya fita iyaka akwai ƙarfe na musamman da ake danne gefen kofin dashi, a ɓanɓaro shim ɗin ta tsagar kofin da ƙaramin sukundireba a ɗauko shi da maganaɗisu. Auna kaurinsa da maikiromita, kar ka dogara da lambar jikinsa don ya cinye. Lissafin: kaurin tsohon, ka haɗa da ratar da ka samu, ka cire ratar da kake so. Misali tsohon 2.80 ne, ka samu 0.32, kana son 0.20, sabon zai zama 2.92, tunda shim ɗin Toyota na waɗannan injinan da tazarar 0.05 suke zuwa sai ka ɗauki 2.90. Gefen da yake da rubutu ƙasa yake kallo. Kar ka taɓa juya inji alhali wani kofi babu shim a kansa, kam zai daki bakin kofin. Sau da yawa in ka rubuta kaurin duka zaka ga shim ɗin wannan bawul shine wanda wancan yake buƙata, ka musanya su ka rage saye.

Rufewa da gwaji

Kafin ka mayar da murfi ka juya injin da hannu cikakken zagaye biyu ka sake bin duk bawulolin da ganye karo na ƙarshe, kana taɓa kowane noti da sifana ka tabbatar ba wanda ka manta a sake. Ƙirga kayan aikinka. Cire soket da sandar daga notin fuli, wallahi wannan mantuwar tana da haɗari, da ka murza makulli sandar zata daki duk abin da ta samu. A Honda masu juyawa hagu kuma ka duba notin fulin da tok renci, don juyin da ka dinga yi ta ɓangaren kwancewa ne, zai iya sassauta shi.

Goge inda gasket zai zauna ya bushe babu mai babu tsohon gam. Saka sabon gasket a ramin murfin, ka canza robobin ramin fulogi, sannan ka ɗiga gam kaɗan a kusurwoyin da gasket yake hawa kan tudun maƙallan kamshaf, nan kaɗai, ba'a shafe shi zagaye. Gam mai yawa yana matsowa ciki ya gutsure ya bi mai. Ɗaure notocin daga tsakiya zuwa waje a zagaye biyu ko uku, ƙarfinsu kaɗan ne, kusan Nm 10 a yawancin injina, su ne aka fi karyawa saboda mutum yana ganin in ya ƙara matsewa yoyo zai tsaya. Mayar da fulogi da hannu tukuna kafin ka saka sifana, sai wayoyi bisa lambobin da ka saka, tiyo, sannan batir.

Tayar da ita ka bari tayi sulo har tayi zafi kana haska gefen murfin ko mai yana tsattsafowa. Ƙarar da ya kamata kaji siririya ce mai tafiya bai ɗaya. In akwai guda ɗaya da ta fita daban da ƙarfi, ɗauki dogon sukundireba ka ɗora bakinsa a kan murfin ka kanga kunnenka a marikin, kana matsawa daga silinda zuwa silinda har ka gano inda take, ka kiyaye hannun riga da bel. Ka gwada shi a jikin injekta ma don su ma suna tik-tik kuma nasu ba laifi bane. Ƙarar da take da ƙarfi da sanyi ta ragu in inji yayi zafi, kuma kana ganin baƙin hayaƙi a gefen manifol, wannan gasket ɗin manifol ne yake hurawa. Wadda kuma take fitowa daga ƙasan inji mai nauyi, ƙwan-ƙwan, tana ƙaruwa in ka taka, ba ta tafet bace sam, ka kashe motar a duba ƙarfin mai da metal, wato beyarin kiranshaf, kafin ka sake hawa titi da ita.